Haɗin da Bai Yi wa Kafinta Ba

A bencin jiran likitan ƙashi, wani kafinta ya ɗaga hoton ƙashin cinyar 'yarsa saitin taga. Tsohuwar da ke gefensa ta leƙo.

"Ɗan nan, tun ɗazu kake hararar hoton nan. Lafiya?"

"Inna, duba fa. Ƙashin bai haɗu baki da baki ba, ɗaya ya ɗan hau kan ɗaya, a haka suka sa mata siminti. Ni ko ƙafar kujera ba zan haɗa haka ba. Yau zan ce su kwance su sake."

"Shekararta nawa?"

"Huɗu."

"To, tambayi likita tukuna. Na jikana ma haka aka bar shi. Suka ce ƙafar yaro in ta karye takan fi 'yar'uwarta saurin tsawo, da kanta take kamo ta. Wata biyu aka cire simintin, ya ɗan yi ɗingishi ya daina. Yanzu sai an kamo shi ake ba shi abinci."

"Amma abin da ba a daidaita ba..."

"Kai katako ka saba da shi. Ita kuwa girma take yi."

Ya shafa gefen bencin da babban yatsa.

"Garin yaya ta karye?" in ji tsohuwar.

"Daga saman gado mai hawa biyu ta faɗo." Ya mayar da hoton cikin ambulan. "Ni na haɗa gadon, Inna. Komai sai da na auna. Katakon tare gefen ne kawai na ce sai gobe."