Kawu Isufu Ya Kama Mai Serwar

ISUFU: Alo! Alo, Zalika?

ZALIKA: Na'am, Kawu. Ina yini?

ISUFU: Lafiya lau, 'yata. Ina karatu? Ina zafin Yamai?

ZALIKA: Da godiya. Ya mutanen Gaya? Ya ƙafar Inna Mairo?

ISUFU: Ta yi sauƙi, har ta koma yi mini faɗa. Ke, albishirinki!

ZALIKA: Goro! Ni ma ina da...

ISUFU: Bari babba ya fara. Mutuminki yana hannuna.

ZALIKA: Wane mutum?

ISUFU: Malam Sanusi mana! Mai kula da babban ordinatar, kwamfutar makarantarku, serwar ɗin nan da ku duka kuke aiki a kai. Ba ke kika kira ni da kuka ba? Wai ya taho biki Tunuga ya kashe waya, ke kuma ranar Juma'a za ki miƙa aikinki, injin ya ƙi.

ZALIKA: Kawu, labari kawai na ba ka!

ISUFU: Ni kuma na bi shi har bakin kogi. Na ce maza ya zo, sarkin tasha na nemansa. Ga shi nan bisa tabarma yana cin soyayyen kifi, makullin babur ɗinsa kuwa na ɓoye.

ZALIKA: Innalillahi! Ka ɓoye me?

ISUFU: Sai ya ba da kod ɗin nan na manya, lambar sirrin injin, ki sa sabon kompresarki.

ZALIKA: Kompilatar, Kawu! Shi ke juya abin da na rubuta ya koma yaren da inji ke ji. Na can ya tsufa.

ISUFU: To shi. Amma mutumin taurin kai! Wai in ya canza wa kowa, aikin wasu zai lalace. Alo? Alo! Wannan rezo...

ZALIKA: Ina jin ka. Gaskiya ya faɗa, ka sake shi. Na gama!

ISUFU: Kin gama me?

ZALIKA: Na sa sabon a dosiyena, wurin ajiyata a cikin injin, ni kaɗai. Kamar gidan haya ne, Kawu. Murhun tsakar gida na kowa ne, ba ka taɓa shi. Sai ka sayi kurfotinka ka ajiye a ɗakinka.

ISUFU: Ba da kod ba?

ZALIKA: Ko ɗaya. Na sauko da shi, na harhaɗa shi can. Da farko injin ya ci gaba da kiran tsohon, sai na gyara masa hanya ya fara leƙa ɗakina. Yanzu aikin gudu yake!

ISUFU: Allahu akbar! Mairo, guɗa! Jinina ce wannan! Malam, ka ji? Ba ma so, riƙe kod ɗinka!

ZALIKA: Kawu, don Allah ka ba shi haƙuri. A hannunsa nake har in gama karatu.

ISUFU: Haƙurin me? Dariya yake, ya ci kifi har da kai. Wai in ya koma ki nuna wa sauran yadda kika yi, su bar damunsa.

ZALIKA: Alhamdulillahi. To miƙa masa makullinsa.

ISUFU: E, to... nan ne ɗan zancen yake.

ZALIKA: Kawu!

ISUFU: Hashimu direba na ba ajiya, don kada tausayi ya kama ni. Ya ƙetare gadar iyaka da lodin albasa.

ZALIKA: Malanbil? Ai nan kusa ne.

ISUFU: Kotonu, 'yata, can bakin teku. Mairo, ƙaro wa baƙo kifi, ki shimfiɗa masa... Kai, keredin wayata zai ƙa...