Gonar da Ke Cikin Waya

A bencin shagon gyaran waya, wani dattijo ya miƙa wa matar da ke gefensa wayarsa.

"'Yata, duba min, wasan gonar nan ya ƙi buɗewa."

"Baba, wayarka ƙalau take. Kamfanin ne ya rufe wasan, ya daina kawo musu riba."

"Su rufe? Ai har shanun ciki saye aka yi."

"Haya ce kawai, Baba. Sauke wani, ga su nan birjik."

Dattijon ya shafa gilashin wayar.

"Gonar mai ɗakina ce. Tun da ta rasu, ni nake mata ban ruwa kullum da safe."



"To yanzu," in ji shi, "wa zan je in roƙa?"