Tagar da Malam Dogo Bai Toshe Ba

Assalamu alaikum. Liman, shugaban hukumar makaranta, malamai, Hajiya maiɗakin marigayi, 'ya'yansa da sauran jama'a, ina gaisuwa. Ni ne mai gyaran agogon da shagonsa ke manne da katangarku. Ban yi boko ba, allon ma ban daɗe a kansa ba. Jikata ce ta rubuta wannan, na kuma hana ta gyara mini magana.

Da ƙorafi zan fara. Tun ranar da Malam Dogo ya buɗe makarantar nan nake ƙarar tagar ajin da ke saitin teburina. Aikin agogo shiru yake so. Ni kuwa da safe Turanci, da hantsi Faransanci, kafin azahar Larabci, duk a kunnena. Na ce, "Malam, ka toshe tagar nan." Ya ce, "Za a duba, Baba." Har ya koma ga Allah bai duba ba.

Ya kasance mai taurin kai, har ya fi ni. Ya kasance mutumin da ya tara mana 'ya'yan ƙasashen da ko sunansu ban iya faɗa ba, ya jera su sahu ɗaya da namu. Na ji yarinya ta yi lissafi da harshe ɗaya, ta yi tsiwa da wani, sannan ta buɗe baki da Alƙur'ani, sai da na ajiye agogon da ke hannuna. Allah mai iko!

Ya kasance da doka guda: duk ayar da aka karanta a ajin nan, a maimaita ma'anarta da Hausa, da ƙarfi. Wani sabon malami ya tambayi dalili. Da kunnena na ji Malam ya ce masa, "Muna da ɗalibi a waje, girman kai gare shi." Ta tagar nan, da furfurata, na san abin da nake gaya wa Ubangijina a salla. Daga ƙasa muka faro, mun kai Tabaraka. Bai taɓa tayar mini da zancen ba, ni ma ban tayar ba.

Hajiya, ki yi haƙuri, ba ku kaɗai aka bari marayu ba. Mun gode da aronsa da kuka ba mu. Allah ya jiƙansa, ya buɗe masa taga daga kabarinsa zuwa Aljanna.

Sai dai jiya na ga an sauke bulo da na'urar sanyaya ɗaki a gindin tagar. Magini ya ce wai bukatata za a biya. Shugaba, wa ya aike ku? Ƙorafina tsakanina da Malam ne. Za ku toshe ta ko za ku bar mini ita? Ba zan zauna ba sai an ba ni amsa.