Baiwar Kallamu

KALLAMU: Halo? Salamu alaikum. Halo, Barira!

BARIRA: Wa alaikumus salam. Wa ke magana?

KALLAMU: Au, har kin goge lambata? Kallamu ne, kafinta na Coal Camp, mijin yayarki. In kin ga dama ki ce marigayi, saura ƙiris.

BARIRA: Laa, Yaya Kallamu! Ina wuni?

KALLAMU: Lafiya lau. Ina gajiya?

BARIRA: Ba gajiya. Ya Inugu?

KALLAMU: Inugu na nan inda kuka bar ta. Ya Anacha, ya cinikin abinci?

BARIRA: Alhamdu lillahi, ana taɓawa.

KALLAMU: Maigidan naki fa? Ƙafar ta yi sauƙi?

BARIRA: Ta yi sauƙi, har ya koma tasha.

KALLAMU: Madalla. Yara duk lafiya?

BARIRA: Lafiya ƙalau. Ya aiki, ya gida?

KALLAMU: Wane gida? Kango dai. Barira, tun ranar da aka fara tonon kwal a garin nan ba a taɓa zaluntar ɗa namiji irin yadda aka zalunce ni ba. Okpa, alalen gurjiyar nan na 'yan talla, da safe, okpa da rana. Wandona sai na riƙe shi da hannu nake zuwa masallaci. Yau da kaina na dafa shayi. Da kaina! Da wannan hannun da ke taɓa kwamfuta!

BARIRA: Subhanallahi! Ka sanar da hukuma?

KALLAMU: Yi dariyarki. Yayarki tana wurinki ko?

BARIRA: Wace yayar tawa? Ina da su da yawa.

KALLAMU: Baiwa nake nufi, matata, uwar Ramlatu. Wadda ta ɗauki jaka ta bar gidan mijinta a kan tire.

BARIRA: A kan tirela? A'a, a bas ta zo.

KALLAMU: Tire! Tire na ɗaukar abinci!

BARIRA: Yi haƙuri, ka san tashar Upper Iweka, ƙarar motoci ba ta barin mutum ya ji maganar banza. Af, maganar kirki. Wane tire?

KALLAMU: Kin fi ni sani. Amma bari ki ji daga bakin wanda aka cuta. Kin san injin da maƙwabcina Ikenna ya kawo shago, mai sassaƙa da kansa?

BARIRA: Wanda ka ce naka ne?

KALLAMU: Namu ne. Shi ya saya, ni na iya. Za ki zana abu a kwamfuta, ki ɗaure katako a kan teburinsa, sai wani ɗan haƙori mai tsini ya sauko yana juyi yana bin zanen, ko gashi ɗaya ba ya kaucewa. To ni, mutum mai tunanin iyalinsa, na ce aikin farko na gani na faɗa ba na wani Alhaji ba ne, na matata ne. Na samo maɗaci ja wur, busasshe, na ware shi. Injin ya rarake cikinsa, ya fidda baki, ya huda mariƙi hagu da dama. A tsakiya na sa dagi.

BARIRA: Ka sa dangi? Har da ni?

KALLAMU: Dagi! Dagin Arewa! Ke da gangan kike yi.

BARIRA: Layin ne, wallahi.

KALLAMU: Kuma ba fenti ba ne, kar ki ɗauka irin tiren kasuwa ne. Injin zai tona ramin zanen a jan katako. Sannan a ɗauko farin katako a sassaƙa zanen nan dai, amma a juye, kamar yadda kike ganin kanki a madubi. A shafa gam, a kifa fari a kan ja, ya faɗa ramin daram, a matse su kwana. Gari ya waye a yanke tudun, a bi da samfefa, a shafa mai. Barira, in kin shafa da tafin hannu ba za ki ji inda fari ya ƙare ja ya fara ba. Mutanen kasuwar Ogbete tsayawa suke yi suna ɗaukarsa hoto.

BARIRA: Ai na ga hoton. Dagin ya yi kyau. Ƙarƙashin dagin fa, me ka rubuta?

KALLAMU: Kalma biyu tak.

BARIRA: Faɗe su.

KALLAMU: Baiwar Kallamu.

BARIRA: A kan tiren kai abinci.

KALLAMU: To a kan me zan rubuta, a goshina? Sunanta Baiwa ko ba sunanta ba? Ni na raɗa mata? Baiwa ta kyauta, baiwar da Allah ya yi wa Kallamu. Duk mai hankali haka zai karanta.

BARIRA: Marasa hankali kuma su karanta baiwa ta bauta.

KALLAMU: Wannan laifin Hausa ne, ba nawa ba. Rubutu ɗaya, murya ce ke rabawa. Injin ba ya sassaƙa murya. In kina da ƙara ki kai wa waɗanda suka ƙirƙiro boko.

BARIRA: Yaya Kallamu, ka san yanzu ko okada ta tsayar a unguwar Asata sai ɗan okadan ya ce, Baiwar Kallamu, ina za a kai ki, ko maigida ya aike ki? Matar da ta aurar da 'ya! Matar da ko sunanka ba ta taɓa kamawa da bakinta ba don kunya, ka manna mata shi a tire ta riƙa yawo da shi gaban mutane.

KALLAMU: Sunan nawa abin kunya ne? Kin ga yadda K ɗin nan ta fito? Ƙafarta kamar ta barewa. Ikenna da kansa ya ce bai taɓa ganin K irinta ba.

BARIRA: Ikenna bai ce maka a bar dagi kawai ba?

KALLAMU: Wa ya gaya miki? To ya faɗa. Shi me ya sani a Hausa ban da ina kwana?

BARIRA: Bar wannan. Ranar da matan ƙungiya suka yi taro a gidanku, wa ya shigo da tiren?

KALLAMU: Halo? Ba na jinki.

BARIRA: Kana jina sarai. Wa ya shigo tsakar mata da tire cike da zoɓo, ba wanda ya kira shi?

KALLAMU: Taimako na yi. Yanzu taimakon ma laifi ne?

BARIRA: Da shugabar ƙungiya ta ce ta bar tabarau a gida, a karanta mata, wa ya karanta?

KALLAMU: Marubuci mana.

BARIRA: Da wace murya?

KALLAMU: Ƙurar katako ce ta shaƙe ni ranar. Kin san maɗaci, ɗaci gare shi har a maƙogwaro. Murya ta karye ta faɗi inda ban aike ta ba.

BARIRA: Kuma ƙurar ce ta sa ka ƙara da cewa, ba ta da ranar 'yanci?

KALLAMU: Rubutun nake nufi! Gam ya kama shi, ba ya fita! Su suka ga dama suka kwashe da dariya har wata ta ƙware da zoɓo. Ni ko murmushi ban yi ba.

BARIRA: An ce har da tafi.

KALLAMU: Sauro na kashe.

BARIRA: To tunda haka ne, kankare shi mana a huta.

KALLAMU: A kankare? Ke kin san zurfin abin nan? Sai an cinye rabin katakon kafin a kai ƙarshen fari. Tire ya koma faifai. Ba zan yi ba. Ko duk Anacha za ta tako Inugu da ƙafa, harafi ɗaya ba zai fita ba. Ni dai ki gaya mata ranar Asabar dangin mijin Ramlatu za su zo daga Fatakwal gaishe mu. Su tarar da ni ni kaɗai da tukunyar shayi? Su ce uwar matar ɗansu ta yi yaji da furfurarta? Mutuncin yarinyar nan fa?

BARIRA: Gaya mata da kanka. Tun sallamarka wayar a buɗe take, tana nan tana yanka albasa.

KALLAMU: Tun sallama? Barira, Allah ya isa tsakanina da ke.

BAIWA: Malam, ina wuni.

KALLAMU: Hajiya! Hajiyata! Lafiya lau. Ya hanya, ya baƙunta? Kin ji muryata ko? Kin ji yadda na rame?

BAIWA: Na ji. Har muryar ta warke daga ƙurar katako.

KALLAMU: Da sauƙi dai. To yaushe za ki taso?

BAIWA: Baiwa ai ba ta da ikon tafiya sai an aiko a kama ta.

KALLAMU: Haba Hajiya, wasa ne fa. Tun muna yara nake tsokanarki.

BAIWA: A ɗaki kake tsokanata. Wannan karon a gaban mata ka yi, ka kuma sa gam.

KALLAMU: To na ji. Zan ɓoye shi ƙarƙashin gado har baƙi su tafi. Amma kankarewa kam a'a.

BAIWA: Ni na ce ka kankare? Bar shi. Aiki ne mai kyau, ba na hana ka. Maɗacin ya saura?

KALLAMU: Akwai guntu. Me ya faru?

BAIWA: Farin fa?

KALLAMU: Shi ma akwai. Au, wani kike so? Ka ji mace mai sanin darajar sana'a! Barira, kina ji? Faɗi, Hajiya, fure ko tauraro?

BAIWA: Irin wancan sak. Dagi a tsakiya. A ƙasa ka sa kalma biyu.

KALLAMU: Ina jinki.

BAIWA: Bawan Baiwa.

KALLAMU: Halo? Layin nan ya fara.

BAIWA: Bawan Baiwa. Ranar Asabar ni in ɗauko nawa, kai ka ɗauko naka, mu shiga gaban baƙi tare. In wani ya manta tabarau, ni zan karanta masa.

KALLAMU: Ni? Kallamu? Shugaban kafintocin Hausawa na Coal Camp?

BARIRA: Ku biyu ne fa a ƙungiyar.

KALLAMU: Ke ba da ke nake ba! Hajiya, ki duba. Naki yana da fuska biyu, mai so ya karanta alheri. Wannan fa fuska ɗaya gare shi.

BAIWA: Biyu ne. Bawa ai suna ne. Ka ce musu sunanka ne na gida, murya ce ta karye.

KALLAMU: Surukai ne fa! Mutanen Fatakwal, masu aikin mai! Da wane ido zan kalle su?

BAIWA: Da wanda nake kallon 'yan okada.

KALLAMU: Ba zan yi ba. Wallahi gara in ci okpa har azumi. Na fi ƙarfin wannan. Namiji ne ni, da sana'ata, da kwamfutata.

BAIWA: To. Motocin Inugu ga su nan gabana suna lodi. Ranar da hoton tiren ya shigo wayar Barira, ranar zan hau. In bai shigo ba, ka gaishe min da baƙi, ka ce baiwar ta gudu.

BARIRA: Kuma a turo hoton da haske, Yaya Kallamu, mu ga ƙafar B.

KALLAMU: Ko a mafarki! Ku zauna nan ku da albasarku. Na gama magana, kuma ba na maimaitawa. Sai an jima!

BARIRA: Sai an jima, a gai da shayi.

KALLAMU: Mts. Mata ke nan. Ikenna! Ikenna, zo nan. Kunna janareto. Ina guntun maɗacin nan da na jingine bayan ƙofa? Ɗauko shi, da farin. Kar ka kalle ni haka, na sani, ka faɗa. Na me cause am, ni na ja wa kaina, bakina ne bai iya ganin taron mata ya yi shiru ba. Amma ko a gaban alƙali ba zan amsa ba. Buɗe kwamfutar. Dagi babba, ya cika tiren. Rubutun kuma ƙanana za mu yi, ƙanana sosai, irin wanda mai tabarau ma sai ya durƙusa...

BAIWA: Manya, Malam. Daidai da na wancan.

KALLAMU: Innalillahi! Wayar nan ba ta...