Ƙusar Kafinta

An ce zumunta a ƙafa take. A rumfar mai faci na ga wani dattijo da ya ɗoro tasa zumuntar a mota, da keke a sama.

"Baba, har da tanti? Ƙaura kake?" in ji mai faci.

"Ƙasar na ratso ni kaɗai, in ga ƙanena."

"Ka same shi lafiya?"

"Da alama. Ya yi ƙiba."

"Da alama?"

"Tun rasuwar mahaifiyarmu ba ma magana. A bayan gari nake kwana, da safe in bi ta layinsu a keke. Motsa jiki ne."

Mai faci ya zaro ƙusa daga tayar keken. "Irin ta kafintoci ce."

"Kafinta ne."

"To ungo, Baba. Mayar masa. Babu kyau riƙe kayan mutane."