Kwana Uku Babu Iska

A bencin asibiti, wata mai goyo ta ƙura wa ƙatuwar fankar da iska ke juyawa ta ba da wutar lantarki ido. Fankar ta tsaya cak. Makanikinta na zaune a gefe.

"Malam, da wutar fankar nan firjin allurar rigakafi yake aiki?"

"Ƙwarai. Ba hayaƙi, ba ƙarar janareta, ba neman mai."

"Yau kwana uku ko ganye bai motsa ba."

"Akwai batir, ƙanwata."

"Kwana nawa yake riƙewa?"

Ya sosa ƙeya. "Biyu, in an lallaɓa."

"Kana da jariri?"

"Watansa biyu."

"A nan aka yi masa allurar?"

"Jiya dai uwarsa ta kai shi birni."

Ta miƙe, ta gyara goyonta, ta mayar da katin rigakafin jaririnta cikin jaka.

"Ina ake shiga motar birnin?"