Idon Muttaka Ya Daina Ciwo

MUTTAKA: Salamu alaikum. Halo? Karima?

KARIMA: Wa alaikumus salam. A'a! Yau bawana ne ya tuna da uwar ɗakinsa?

MUTTAKA: Bawan Allah dai. Ina wuni? Ya Kaduna? Ya Kawu?

KARIMA: Lafiya lau. Ya Gwaggo da ƙafa? Ya mutanen Birnin Gwari?

MUTTAKA: Da sauƙi, tana gaishe ki. Ya aikin asibiti?

KARIMA: Alhamdu lillahi. Ya walda? Har yanzu karkatattun ƙofofin nan kake yi wa mutane?

MUTTAKA: Ƙofata ko 'yan daji sai sun yi sallama. Ke, aikenki zan yi. Tunda a ɓangaren ido kike, ki ba direba maganin ɗigawa, kwalba biyu.

KARIMA: Wane iri?

MUTTAKA: Mai kashe zafi. Ran Asabar ina gurza ƙarfe, ɓurɓushi ya faɗa min idon dama. Har ƙasa na kwanta. Aka ɗiga madarar gwangwani, Ja'afaru mai gyaran rediyo ya kanga min maganaɗisun sifika, duk a banza. Sai mai kemis ya ɗiga min wani abu. Kafin in ƙifta, zafi ya ɗauke cak!

KARIMA: Ya cire ƙarfen?

MUTTAKA: Ni na cire abina, da tsinken ashana, a madubin babur.

KARIMA: Da me? Muryarka na yankewa.

MUTTAKA: Ashana! Ko zafi ban ji ba, wallahi.

KARIMA: Inna lillahi. Sau nawa ka ɗiga tun Asabar?

MUTTAKA: Wa ke ƙirgawa? Da zafi ya motsa sai in ɗiga. Yanzu ko tabarau ba na sawa wajen aiki. Jiya na dangwala yatsa a kan ƙwayar a gaban majalisa, kowa ya yi kabbara. Ja'afaru cewa ya yi na ci maganin ƙarfe.

KARIMA: Sannu, gwarzo. Gwaggo ta haifi namiji. Saura ka shiga kasuwar Alhamis ana buga maka ganga.

MUTTAKA: Ke dai baƙin ciki.

KARIMA: Saurara, sakarai. A duk jikinka babu inda ya kai baƙin ido jin ciwo. Gashi ɗaya ya taɓa shi sai ka ƙifta, hawaye ya wanke. Mai gadi ne Allah ya ajiye maka. Kai ka ba shi maganin barci, ka wangale ƙofa, kwana biyar ƙura da tartsatsi suna shiga.

MUTTAKA: To ai ku ma kuna ɗigawa.

KARIMA: Sau ɗaya! Likita ya duba, a mayar da kwalba a kulle. Ba ya warkar da komai. In ka yi ta sawa, mikin ba zai haɗe ba, ci zai yi ta yi har ya huda, kana washe baki.

MUTTAKA: Tsoratar da ni kike.

KARIMA: Kana shago?

MUTTAKA: Ina bakin shago, nan kaɗai ake samun sabis.

KARIMA: Rufe idon hagu da hannu. Karanta min allon mai shayin da ke tsallake.

MUTTAKA: Ai na san abin da aka rubuta.

KARIMA: Ban ce ka yi min tilawa ba. Karanta.

MUTTAKA: To, bari in gwada...

KARIMA: Halo? Muttaka?

MUTTAKA: Ina ji. Akwai ɗan hayaƙi. Wataƙila shara ake ƙonawa.

KARIMA: Buɗe na hagun. Da hayaƙin?

MUTTAKA: Babu.

KARIMA: Leƙa madubin babur ɗinka. Akwai fari a kan baƙin?

MUTTAKA: Ɗan mitsitsi. Kamar ƙwayar gero.

KARIMA: Gobe ka shigo motar farko. Kada ka murza, kada ka ƙara ɗiga komai.

MUTTAKA: Karima, hanyar nan fa... tun da aka tare mu a daji bara ban sake binta ba.

KARIMA: Na sani. Ka bi rakiyar sojoji, ko ka zagaya ta Funtuwa. Amma ka zo.

MUTTAKA: Zafin fa, in ya dawo?

KARIMA: Ka yi kuka. Ka iya ai.

MUTTAKA: In idon ya tafi?

KARIMA: Ni dai ba zan ja maka sanda ba.

MUTTAKA: Amma za ki tare ni a tasha?

KARIMA: Tun ƙarfe tara ina can. Ka sa tabarau, kada ka kunyata ni a gaban...

MUTTAKA: Halo? Karima? A gaban wa? Kai, katin nan ya ƙare!